Me ya sa Akilis ya yi zuciya ana kashe mutanensa? Daraja da girman kai a waƙoƙin jaruman Girka

Mutane da yawa ta fim ɗin Troy na 2004 suka fara sanin labarin Akilis, wanda Brad Pitt ya fito a matsayinsa, wasu kuma a aji suka gamu da shi. Kuma kusan kowa idan ya gama tambayar ɗaya ce, wai ta yaya jarumin da babu kamarsa a rundunar Girkawa zai yi zuciya ya koma tanti ya zauna saboda an ƙwace masa baiwa ɗaya tal, alhali ana karkashe 'yan uwansa yana ji yana gani? Wasu su ce soyayya ce, wasu su ce girman kai ne kawai da ƙuruciya. Kowacce amsa ta ɗan taɓa gaskiya, sai dai fim ɗin ya canza abubuwa da yawa, ya cire allolin Girkawa gaba ɗaya, ya kashe Agamemnon jagoran rundunar da ƙaninsa Menelawus waɗanda a asalin labarin sun fita daga yaƙin da ransu, don haka wanda yake son gane lamarin sai ya koma kan ita waƙar.

Daga ina labarin ya fito

Manyan waƙoƙin biyu ne, Iliyad da Odisi, kuma Girkawa tun da can suna danganta su ga wani mawaƙi mai suna Homa. Yawancin masana suna sa su a wajejen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Iliyad tana da layi sama da 15,600 an kasa ta kashi 24, Odisi kuma wajen 12,000. Asalinsu waƙar baka ce, wannan wani Ba'amurke Milman Parry ne ya ƙarfafa hujjarsa a shekarun 1930 bayan ya je Yugoslabiya ya naɗi muryar mawaƙan baka ya ga yadda suke ɗinka doguwar waƙa da jimlolin da suke ta maimaitawa. Kufan birnin Turoy, wanda Girkawa suka je yaƙa a labarin, yana Hisarlik a ƙasar Turkiyya ta yau, inda Heinrich Schliemann ya yi tono a shekarun 1870.

Iliyad fa ba ta kawo yaƙin duka ba, kwana kusan 50 ne kawai a cikin shekara ta goma. Dokin katakon da Girkawa suka ɓuya a ciki suka ci birnin ba ya ciki, mutuwar Akilis ma ba ta ciki. Abin da ta sa a gaba tun daga layin farko shi ne fushin Akilis da ɓarnar da ya jawo.

Duniyar da waƙar take zanawa babu kuɗi a cikinta, da shanu ake auna darajar kaya. Babu sojan gwamnati mai karɓar albashi. Kowane sarki ya zo da jiragensa da mutanensa, lissafin da waƙar ta kawo ya kai jirgi 1,186, Agamemnon yana da 100 shi ya fi kowa, Akilis yana da 50. To Agamemnon shi ne jagora amma ba shi yake ciyar da sauran ba, kuma babu wata kotu ko rubutacciyar doka da za a kai ƙara idan manya suka saɓa. A riƙe wannan, domin daga nan matsalar ta taso.

Kalmomi huɗu da sai an gane su

Duka kalmomin Girkanci ne. Ta farko timee, wato daraja, amma kalmar tana kuma nufin farashi. Darajar mutum ita ce abin da jama'a suka yarda ya kai, kuma da ido ake ganinta, a wajen zama, a tsokar naman da aka miƙa masa a walima, a gonar da aka yanka masa, a kasonsa na ganima. Ta biyu geras, ita ce kyauta ta musamman da runduna take ware wa babban jarumi daga ganima kafin a yi rabo, sau da yawa mace ce da aka kamo. Ta uku kleos, sunan da mutum ya yi har ake rera shi bayan ya mutu, kusan irin aikin da kirari da makaɗan fada suke yi wa mazaje a ƙasar Hausa, in ba a waƙe ka ba kamar ba ka yi komai ba. Ta huɗu aidos, kunya, wato jin nauyin abin da mutane za su ce da kuma jin nauyin wanda bai kamata a taɓa ba kamar tsoho da baƙo da mai neman mafaka.

Akwai wani waje a kashi na 12 da ya fayyace tsarin ƙarara. Sarfedon sarkin Lisiya, wanda ya zo taimakon Turoy, yana tambayar abokinsa Galaukos me ya sa a gida ake ba su wajen zama na gaba da nama da cikakken kofin sha da gonaki a bakin kogi? Ya ba kansa amsa, don su tsaya a sahun gaba ne ranar yaƙi, talakawansu su gani su ce lallai ba a banza suke cin tumakinmu ba. Ya ƙara da cewa da a ce mutum zai rayu har abada in ya guje wa wannan yaƙin da shi ma ba zai shiga ba, amma tunda mutuwa na nan ko ta ina gara a je. Kenan daraja ciniki ce, jama'a su ba ka fifiko kai kuma ka ba su ranka. Mutuwa ma a aƙidarsu ba wani abin sa rai ba ce, inuwa ce kawai mara ƙarfi a gidan Hadis, wato lahirarsu, shi ya sa suna ya zama shi kaɗai ne abin da zai saura.

Yadda rigimar ta faro

Wani tsohon mai hidimar gunkin Afolo ya zo da fansa mai yawa yana roƙon a sako masa 'yarsa Kirisayis, wadda ita ce geras ɗin Agamemnon. Runduna duk ta ce a karɓa, Agamemnon ya ƙi ya kore shi da baƙar magana. Tsohon ya kai kuka wajen Afolo, annoba ta faɗa wa sansani kwana tara, a rana ta goma Akilis ya kira taro, boka Kalkas ya ce sai an mayar da yarinyar. Agamemnon ya yarda amma ya ce sai an ba shi madadi nan take, don ba zai yiwu a ce shi kaɗai ne cikin Girkawa ba shi da kyauta ba. Akilis ya ce ai an riga an gama rabo, ka yi haƙuri in aka ci Turoy a ninka maka uku ko huɗu. Magana ta yi zafi, Agamemnon ya ce to taka zan ɗauka, wato baiwarsa Birisayis, don ka san na fi ka. Akilis har ya fara zare takobi sai allahiya Atina ta riƙe shi ta gashi, sai ya koma zagi, ya kira shi mashayi mai idon kare da zuciyar barewa, ya jefar da sandar taro a ƙasa ya rantse ba zai sake yaƙi ba.

Idan aka auna kowa yana da hujja. Agamemnon yana ganin jagoran da aka bari hannu biyu a gaban runduna ikonsa ya kare, kuma a tsarin da ake auna mutum da abin da aka ba shi wannan ba ƙarya ba ne. Akilis kuma ya ce mutanen Turoy ba su taɓa satar masa saniya ko doki ba, saboda mutuncin Agamemnon da ƙaninsa Menelawus ya zo, shi yake ɗaukar mafi nauyin yaƙi amma kullum kason Agamemnon ya fi, yanzu kuma ɗan abin da runduna ta ba shi za a ƙwace. Dattijo Nesta ya yi ƙoƙarin raba su, ya ce wa wannan kar ka ɗauki yarinyar, ya ce wa wancan kar ka ja da sarki, kai ka fi ƙarfi amma shi ya fi yawan jama'a. Maganar tasa ita ta tona matsalar, akwai darajar sarauta akwai darajar bajinta, kuma tsarin bai faɗi wacce ke gaba ba in suka yi karo.

Zancen soyayya kuwa waƙar ta bar shi biyu. A kashi na 9 Akilis ya ce yana son Birisayis har zuciyarsa duk da da mashi ya samo ta. A kashi na 19 shi ɗin dai ya ce ina ma ta mutu ranar da ya kamo ta da duk wannan bai faru ba.

Tayin sulhu da abin da ya sa ya ƙi

Akilis bai tsaya ga janyewa ba, ya sa uwarsa allahiya Tetis ta roƙi Ziyus, babban allolin Girkawa, ya ba mutanen Turoy nasara har sai Girkawa sun gane kurensu. Haka kuwa aka yi, da wuya ta yi wuya Agamemnon ya aika Odisiyos sarkin Itaka da jarumi Ajaks da tsoho Finiks da tayin da ya wuce hankali, tukwanen tagulla masu ƙafa uku guda 7, ma'aunin zinare 10, manyan tukwane 20, dawakan tsere 12, mata 7 daga Lesbos, Birisayis da rantsuwar bai taɓa ta ba, wasu mata 20 in an ci Turoy, ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata uku ba sadaki, da garuruwa 7. Amma bai zo da kansa ba, bai ba da haƙuri ba, kuma ya rufe da cewa Akilis ya rusuna masa tunda ya fi shi sarauta ya girme shi. Odisiyos da wayonsa ya haɗiye wannan jimlar bai isar da ita ba, sai dai Akilis ya gane, domin kyauta mai yawa haka a irin wannan tsarin tana nuna wanda ke sama, wanda ya karɓi 'yar sarki da garuruwansa ai ya zama yaronsa.

Amsar da ya bayar ita ce aka fi tattaunawa a duk waƙar. Ya ce ya ci garuruwa 12 ta ruwa 11 ta ƙasa ya kawo ganimar Agamemnon ya riƙe mafi yawa, ashe raggo da jarumi daraja ɗaya suke samu kuma duk mutuwa za su yi. Ya ce shanu ana iya kwaso su, doki ana iya samu, amma rai in ya fita ba ya dawowa. Ya faɗi zaɓi biyu da uwarsa ta gaya masa, ya tsaya ya mutu da wuri sunansa ya dawwama, ko ya koma gida ya tsufa ba wanda ya san shi. A nan mutumin da ya fi kowa cin moriyar cinikin Sarfedon shi ne yake tambaya ko cinikin yana da riba. Ajaks ya mayar masa da magana gajera mai nauyi, ya ce mutum yana karɓar diyya a kan ɗan uwansa ko ɗansa da aka kashe ya haƙura, kai kuma a kan yarinya ɗaya ka ƙi, ba ka jin nauyin abokanka da suke ƙarƙashin rufinka. A ma'aunin mutanensa ma kenan, daga wannan daren Akilis ya fara wuce gona da iri.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Amininsa Fatrokulos ya ari sulkensa ya fita, Akilis ya gargaɗe shi kar ya yi nisa don kar ya rage masa daraja, Hekta, ɗan sarkin Turoy kuma babban jaruminsu, ya kashe shi. Daga nan kayan Agamemnon suka daina damun Akilis sam, fansa kawai yake nema, ya kashe Hekta ya ɗaure gawarsa a karusa yana ja, ya yanka samarin Turoy 12 a wajen ƙona gawar abokinsa. Bai sauko ba sai da alloli suka sa baki, dattijo Firayam, sarkin Turoy kuma mahaifin Hekta, ya shigo tantinsa da dare ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya ya ce ka tuna mahaifinka, suka yi kuka tare ya ba shi gawar.

Hekta, wanda kunya ta kashe

Ana yawan ɗaukar Hekta a matsayin mutumin kirki da ba ruwansa da girman kai, kuma gaskiya ne gidansa yake karewa. Amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su. A kashi na 6 matarsa Andromaki, wadda Akilis ya riga ya kashe mata uba da 'yan uwa maza bakwai, ta roƙe shi ya tsaya a kan ganuwa ya yi tsaro daga ciki, ya ce yana jin kunyar maza da matan Turoy in aka gan shi yana noƙewa, alhali a cikin maganar ya yarda cewa ya san birnin zai faɗi. A kashi na 18 abokin yaƙinsa Folidamas ya ba da shawara a koma cikin gari tunda Akilis ya dawo, Hekta ya ƙi, aka yi musu mummunar ɓarna. A kashi na 22 iyayensa suna kan ganuwa suna kuka ya shigo, ya tsaya a waje yana tunanin kar wani wanda bai kai shi ba ya ce Hekta ne ya hallaka jama'a da taurin kai. Ya zaɓi mutuwa a kan jin wannan maganar, kuma da mutuwarsa garin ya rasa garkuwarsa. (Da Akilis ya iso fa sai da ya ruga suka zaga birnin sau uku, waƙar ba ta ɓoye wannan ba.)

Yadda aka karanta lamarin daga baya

Tun su kansu Girkawa ba su yi baki ɗaya ba. Masanin falsafa Aflatun ya soki yadda Homa ya nuna Akilis yana kuka yana birgima yana karɓar kaya, ya ce bai dace a koyar da yara haka ba, amma shi ɗin ne ya rubuta cewa malaminsa Sokaratis a shari'arsa ta shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa ya kawo misalin Akilis wajen fifita abin da ya dace a kan tsoron mutuwa. Iskandar na Masedoniya ya ziyarci Turoy a 334 kafin haihuwar Annabi Isa ya girmama kabarin da ake cewa na Akilis ne.

A cikin masanan zamanin nan E. R. Dodds a 1951 ya ce al'ummar Homa al'umma ce ta kunya, abin da ke motsa mutum idon jama'a ne ba tuhumar zuciya ba. Arthur Adkins a 1960 ya ƙara gaba, ya ce nasara ce kawai ma'auni, niyya ba ta da wani nauyi. Bernard Williams da Douglas Cairns, duka a 1993, suka ce an sauƙaƙa abin da yawa, kunyar da Hekta yake ji ta riga ta zama ɗabi'arsa ko ba mai kallo, shi da kansa ya ce zuciyarsa ba za ta bar shi ya noƙe ba domin haka ya koya. Simone Weil ta Faransa, da ta yi rubutunta a farkon yaƙin duniya na biyu, ta ce ainihin jigon waƙar ƙarfi ne da yadda yake mayar da mutum kamar kaya, mai nasara da wanda aka ci duka. Shi kuma Jonathan Shay, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi aiki da tsoffin sojojin Amurka na Biyetnam, a 1994 ya ce abin da ya sami Akilis shi yake gani a marasa lafiyarsa, shugaba ya ci amanar abin da kowa ya san shi ne daidai, soja ya daina yarda da kowa sai amininsa, aminin ya mutu, sai ya haukace da kisa. Wannan karatun shi ya fi bayyana dalilin da kaya ba su gyara lamarin ba, duk da yana ɗan rage nauyin zancen matsayi wanda waƙar ta cika da shi.

Odisi ma, wadda ta ba da labarin komawar Odisiyos gida bayan yaƙin, ta sa baki. A kashi na 11 Odisiyos ya gamu da inuwar Akilis yana taya shi murnar girman da yake da shi a cikin matattu, Akilis ya ce gara ya zama ɗan ƙodago a gonar talaka yana raye da ya mulki duk matattu. Masu cewa Homa ya rushe aƙidar suna a nan suna kafa hujja da wannan. Masu ja da su suna cewa a ci gaba da karatu, nan take ya tambayi labarin ɗansa, da aka ce masa ya yi bajinta a yaƙi sai ya tafi yana murna.

Su wa suka ji a jikinsu

Talakan soja shi ya mutu a annobar da taurin kan Agamemnon ya jawo, shi ya mutu a kwanakin da Akilis yake zaune, kuma in ya buɗe baki ya sha duka. A kashi na 2 wani mai suna Tarsitis ya tashi a taro ya faɗi kusan abin da Akilis ya faɗa, cewa su ke wahala Agamemnon na tara tagulla da mata, a koma gida kawai. Waƙar ta siffanta shi a matsayin wanda ya fi kowa muni a rundunar, Odisiyos ya maka masa sandar sarauta a baya har jini ya fito, sauran sojoji suka yi dariya. Magana ɗaya ce, bakin da ya faɗe ta ne ya bambanta.

Mata kuwa su ne ma'aunin da ake auna darajar da shi. A wasannin jana'izar Fatrokulos an sa kyautar kokawa, wanda ya yi nasara ya ɗauki tukunyar tagulla da aka yi wa kuɗi shanu 12, wanda aka kayar ya ɗauki mace gwanar aikin hannu da aka yi wa kuɗi shanu 4. Birisayis da ake ta rigima a kanta sau ɗaya ta yi magana a duk waƙar, a kan gawar Fatrokulos, inda ta ce ta ga gawar mijinta da 'yan uwanta uku ranar da Akilis ya ci garinsu. Andromaki a kukan da ta yi wa Hekta ta faɗi abin da ke jiranta, bauta a ƙasar wasu, ɗanta kuma ko bauta ko a jefo shi daga kan ganuwa.

Odisiyos da ake yabo da haƙuri da dabara shi ma bai tsira ba. Bayan ya makantar da ƙaton nan mai ido ɗaya Folifemos ta hanyar ɓoye sunansa, sun riga sun shiga jirgi mutanensa suna roƙonsa ya yi shiru, ya kasa jure a ce ba a san wanda ya yi aikin ba, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu. Da wannan sunan ƙaton ya kai ƙara wajen ubansa Fosaidon mai mulkin teku, ya roƙa in ma zai isa gida to ya isa a makare ba tare da mutanensa ba. Ya fita da jirgi 12 ya dawo shi kaɗai, duk da waƙar ta ɗora wa mutanen nasa kasonsu na laifi tunda su suka yanka shanun da aka hana su. Da ya iso ya kashe masu neman matarsa su 108, sun yi tayin biyan duk abin da suka ci ya ƙi. A kashi na ƙarshe mahaifin ɗaya daga cikinsu, Yufaitis, ya tara mutanen Itaka ya ce wannan mutumin ya kwashi mazajenmu ya salwantar da su da jiragen, ya dawo ya kashe mana waɗanda suka rage, abin kunya ne har jikoki in ba mu rama ba. Suka ɗau makamai, shi aka fara kashewa, sai da Ziyus ya jefo tsawa Atina ta shiga tsakani aka yi rantsuwar zaman lafiya, Odisiyos ya ci gaba da sarautarsa, iyayen kuma ba a biya su diyyar kowa ba.